Korona a jami'o'i: Abin da ya kamata takardar ƙa'idar ma'aikata ta ƙunsa

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Muna roƙon fili a wannan jarida tamu domin mu yi magana da hukumomin jami'o'in ƙasar nan, musamman magatakarda da daraktocin asibitin jami'a da shugabannin sassa, sannan da ma'aikatan kansu, tun daga farfesa har mai shara. Mu ma'aikatan lafiya ne, cikinmu akwai likitoci da nas-nas da masu aikin lab.

Tun da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ba da izinin komawa karatu daga ranar 18 ga Janairun 2021, bayan ASUU ta janye yajin aikin da ta kwashe wata tara tana yi, jami'o'i suka yi ta fitar da sakula, wato takardun sanarwa, a kan korona. Maganarsu kusan ɗaya ce: a sa takunkumi, a wanke hannu, a ba da tazara, wanda ba ya jin daɗi ya zauna a gida. Babu laifi a ciki. Amma malamin da ya wayi gari da zazzaɓi ranar da yake da lacca ƙarfe takwas, ko masinjan da matarsa ta kwana tana tari, in ya ɗauki wannan takarda ba zai ga wanda zai kira ba, ba zai ga wane gwaji zai yi ko a wace rana ba, balle kwana nawa zai zauna da wanda zai biya shi kwanakin. Inda takarda ta yi shiru, kowane shugaban sashe da tunaninsa zai cike gurbin. Wannan ya ce a dawo bayan kwana uku, wancan ya ce sai an kawo sakamako biyu da suka nuna babu cutar. Duka biyun kuskure ne.

Lokacin kuma ba na wasa ba ne. Adadin waɗanda aka tabbatar sun kamu a Najeriya ya haura 100,000 a ranar 10 ga Janairun 2021, a lokacin rigakafi bai iso ba tukuna, kuma tsohon shugaban Jami'ar Legas, Farfesa Oye Ibidapo-Obe, cutar ce ta yi ajalinsa ranar 3 ga watan. Mutanen Kano ba su manta da Afrilun 2020 ba, wanda daga baya Ministan Lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga rasuwa 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya kasancewa da hannun korona a ciki. Jami'a tana da nata haɗarin na daban. Dokar 2012 ta kai shekarun ritayar farfesa zuwa 70, don haka ba abin mamaki ba ne a ga dattijo mai hawan jini da ciwon suga tsaye gaban matasa ɗari uku, waɗanda yawancinsu ko sun kamu ba za su kwanta ba, amma za su iya miƙa masa.

Mu fara da safiyar da mutum ya tashi ba daidai ba. Zazzaɓi, tari, kasala, ciwon jiki, ciwon kai, ciwon maƙogwaro, wani lokaci gudawa. A tsakiyar hunturu babu wanda zai kalli waɗannan ya rarrabe korona da murar ƙura, ko likita ne. Alamar da ta fi nuna korona ita ce ɗaukewar jin ƙanshi ko ɗanɗano farat ɗaya alhali hanci a buɗe yake: mutum ya kai turare ko man zafi hancinsa ya ji shiru, ya kurɓi shayi bai ji komai ba sai zafinsa. Duk wanda ya ji ɗaya daga cikin waɗannan, kada ya zo ofis neman izinin tafiya asibiti, kada kuma ya je ya zauna a bencin asibitin jami'a cikin masu awon ciki da masu karɓar maganin suga. Waya zai yi. Saboda haka takardar ƙa'ida tana buƙatar lambar waya guda ɗaya ta asibitin jami'a, wadda ake ɗauka dare da rana, tare da lambar kyauta ta NCDC, hukumar daƙile cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, 6232. Nas ɗin da ke riƙe da wayar ta rubuta suna, sashe, shekaru, cututtukan da mutum ke fama da su, waɗanda ya zauna da su kwana biyu kafin ya fara jin jiki, da kuma ranar da alamar farko ta bayyana. Wannan ranar ita ce jigon komai, duk lissafin da zai biyo baya daga kanta yake tashi, kuma ita ce aka fi mantawa a rubuta.

A nan ne maleriya ke shigowa ta ɓata lissafi. Mutum ya leƙa kemis, a huda masa yatsa, a ce maleriya ce, ya sha magani ya koma aiki washegari. Manya da yawa a ƙasar nan suna yawo da ƙwayar maleriya a jininsu ba tare da ita ce ke damun su ba, kuma mutum ɗaya na iya ɗaukar cututtukan biyu a lokaci guda. A yi gwajin maleriya, a yi maganinta in an same ta, amma wannan bai rufe maganar korona ba. Haka gwajin Widal da ake cewa ya nuna taifot, ba hujja ba ne. Kada a manta kuma hunturu lokacin zazzaɓin Lassa ne, don haka zazzaɓin da ya ƙi jin magani ba na zaman gida ba ne, na likita ne.

Gwajin korona iri uku ne ke yawo, kuma rashin bambanta su ya jawo ɓarna. Na farko PCR, wanda ke neman ƙwayar halittar cutar a cikin majinar bayan hanci. Shi ne abin dogaro, kuma a Janairun 2021 kyauta ake yin sa a ɗakunan gwaji na gwamnati da ke ƙarƙashin tsarin NCDC, irin na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na cibiyar binciken cututtuka masu yaɗuwa ta Jami'ar Bayero. Na biyu gwajin gaggawa na antijin, shi ma daga hanci, mai ba da sakamako cikin minti 15 zuwa 30. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da guda biyu a ƙarshen 2020, Standard Q na kamfanin SD Biosensor da Panbio na kamfanin Abbott. Na uku shi ne na ɗigon jini daga yatsa, wanda wasu ke tallatawa a matsayin gwajin korona. Wannan garkuwar jiki yake nema, ita kuwa ba ta fitowa sai bayan mako ɗaya zuwa uku, don haka ba ya faɗa maka ko mutum na ɗauke da cutar a yau. Jami'ar da ta saye shi don tantance ma'aikata ta yi asarar kuɗi.

Ko PCR ɗin ma, ranar da aka yi shi tana da muhimmanci ƙwarai. Wani nazari da masana a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka wallafa a watan Mayun 2020 ya nuna cewa a rana ta huɗu da kamuwa, kafin alamu su fito, gwajin yana kasa gano kusan mutum 67 cikin 100 masu ɗauke da cutar. Ranar da alamu suka fara adadin ya sauka zuwa 38, kwana uku bayan haka ya sauka zuwa 20, wanda shi ne mafi ƙanƙanta. Ma'anar wannan a aikace ita ce, wanda ya ji labari yau cewa abokin ofishinsa ya kamu, ya ruga gobe aka gwada shi aka ce babu, bai samu labarin komai ba. Mai alamu a gwada shi nan take. Wanda ya yi cuɗanya da mai cutar amma lafiyarsa ƙalau, a jira rana ta biyar zuwa ta bakwai. Mai alamu masu ƙarfi da sakamakonsa ya ce babu, musamman wanda ƙanshi ya ɗauke masa, a maimaita bayan kwana ɗaya ko biyu, kuma ya ci gaba da killace kansa.

Yawancin sakamakon ƙarya ba a na'ura ake yin su ba, a wajen ɗiban samfur ne. Tsinken ɗiban samfurin na roba ne mai zaren roba a kai. Na katako ko na audugar goge kunne yana iya hana gwajin aiki. Ana ɗaga kan mutum kaɗan, a tura tsinken a kwance ta ƙasan kafar hanci, ya nufi wajen kunne, ba sama wajen ido ba, har ya tokare a bayan hanci. A juya shi, a bar shi 'yan daƙiƙoƙi ya jiƙa, a zaro a hankali. Yakan sa ƙwalla, wani ya yi atishawa. In mai ɗiba ya ji tausayi ya shafa bakin hanci kawai da tsinken da aka yi don bayan hanci, abin da ya ɗebo ba zai isa ba. Daga nan a karya tsinken cikin kwalbar ruwan adana samfur, a rufe ta gam, a rubuta suna a jikin kwalbar ba a murfi ba, a sa ta a leda mai zif, a sa ledar cikin wani mazubi, sannan cikin kula mai ƙanƙara. Samfur yana son sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma ya isa lab cikin kwana uku. Wanda ya kwana a firjin da wuta ta ɗauke, ko ya wuni a but ɗin mota ana jiran a tara na wasu, ƙwayar da ke ciki ta lalace, sakamako zai fito babu. Sai fom ɗin da ke raka shi: lambar waya ɗaya da aka rubuta ba daidai ba ta isa ta sa sakamako ya fito amma bai taɓa isa ga mai shi ba. Mai ɗiban kuma ya sa takunkumin N95 da kariyar ido da riga da safar hannu, a yi aikin a ƙarƙashin rumfa a waje, ba a ɗakin allura ba.

Gwajin gaggawa ya dace da asibitin jami'a, amma yana da sharuɗɗansa. Ya fi kamawa a kwana biyar zuwa bakwai na farkon alamu, lokacin da ƙwayar ta fi yawa. Standard Q ɗigo uku ake sawa, a karanta tsakanin minti 15 da 30. Panbio ɗigo biyar, a karanta a minti 15, kada a wuce 20. Layin da ya fito bayan lokaci ya wuce ba sakamako ba ne, don haka a sa agogo, kada a dogara da ƙiyasi. In layin C, mai nuna gwajin ya yi aiki, bai fito ba, gwajin ya lalace, a sake. Layin T, mai nuna cutar, ko dishi-dishi ne, in ya fito cikin lokaci, akwai cutar. Kwalin kuma ba ya jure zafin da ya wuce digiri 30. A hunturu da sauƙi, amma a Maris da Afrilu, sito mai rufin kwano a Sakkwato ko Maiduguri zai kashe kaya gaba ɗaya ba tare da kowa ya gani a ido ba.

Akwai masu shawarar a jera dukan ma'aikata a gwada su da shi. A yi lissafi tukuna. Mafi ƙarancin ingancin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi shi ne gwaji ya kama 80 cikin 100 na masu cutar, ya kuma wanke 97 cikin 100 na marasa ita. A ce ma'aikata 1,000 ne, mutum 10 ne ke ɗauke da ita. Gwaji mai wannan inganci zai kama 8, ya saki 2, sannan ya ɗora wa kusan mutum 30 lafiyayyu cutar da ba su da ita. Don haka mai alamu da gwajin gaggawa ya ce akwai, a ɗauka akwai. Mai alamu da ya ce babu, a tura PCR. Wanda ba shi da alama kuma bai cuɗanyi kowa ba, in ya ce akwai, a tabbatar da PCR kafin a tayar da hankalin gidansa.

Tsakanin ɗiban samfur da fitowar sakamako kwana biyu ko fiye na iya shuɗewa. Takarda ta faɗa ƙarara cewa mai jiran sakamako hukuncinsa ɗaya da wanda aka tabbatar. Ba lacca, ba taron majalisar jami'a, ba sahun jam'i, ba zuwa ta'aziyya. Rashin lafiya uzuri ne da shari'a ta sani, limaman masallatan jami'a za su taimaka in suka faɗa da bakinsu.

Kusan 80 cikin 100 na masu kamuwa ciwon bai yi musu tsanani ba, za su iya jinya a gida in likita ya amince. Ɗaki daban, taga a buɗe, kwano da kofi da buta da darduma nasa shi kaɗai. Mutum ɗaya ne zai riƙa shiga, shi da mara lafiyar duk da takunkumi, kuma kada ya zama tsoho ko mai ciki ko mai suga. To, ƙaramin ma'aikacin da ke haya a ɗaki ɗaya da iyalinsa, masai ɗaya da maƙwabta, yaya zai yi? Shi ya sa muke ganin wajibi ne kowace jami'a ta ware 'yan ɗakuna a masaukin baƙinta saboda irinsa. Wanda ya haura shekara 60, ko mai suga, hawan jini, ciwon zuciya, ciwon ƙoda, asma, sikila ko ƙiba mai yawa, shawarar zamansa a gida ba tasa ba ce, ta likita ce, kuma a riƙa kiran sa kullum.

Haɗarin korona a mako na biyu yake. Mutum zai ji sauƙi a rana ta biyar ko ta shida, zazzaɓi ya sauka, ya fara tunanin takardun da bai duba ba, alhali tsakanin rana ta bakwai da ta goma ne huhu ke iya rikicewa. Wani iskar jininsa za ta yi ƙasa sosai yana zaune yana hira, bai ji numfashinsa ya sarƙe ba. Abin da ke kama wannan shi ne 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa mai auna iskar oksijin. Ba ta da tsada, asibitin jami'a zai iya sayen gommai ya riƙa ba da aro. A huta minti biyar, a murza hannu ya yi ɗumi, a maƙala a yatsan tsakiya ko manuniya, a jira kamar minti ɗaya lambar ta tsaya. Lamba biyu take nunawa, ta iska da ta bugun zuciya, kuma mutane da dama sukan rikita su, su ga 78 na bugun zuciya su firgita, ko su ga bugu 98 su saki jiki. A rubuta sau uku a rana. Daga 95 zuwa sama babu damuwa, 93 ko 94 a kira likita, 92 zuwa ƙasa a tafi asibiti ko da mutum ya ce garau yake. Yatsa mai sanyi, jan farce da baƙin lalle suna ɓata karatun, a nemi yatsan da babu komai. Sannan wani nazari daga Jami'ar Michigan da ya fito a Disambar 2020 ya nuna na'urar ta fi yi wa baƙar fata ƙarin maki: kusan 12 cikin 100 na baƙaƙe iskarsu ta yi ƙasa sosai alhali na'urar na nuna 92 zuwa 96, a kan ƙasa da 4 cikin 100 na farare. Wato mu, in lamba ta zo kan iyaka, mu ɗauka ta fi haka muni. Inda babu na'urar a ƙirga numfashi minti ɗaya cur. Na babba lafiyayye 12 zuwa 20 ne, in ya kai 30 abin gaggawa ne. Haka ciwon ƙirji, ruɗewa, barcin da ba a iya tayarwa, ko kasa ƙarasa jimla ba tare da an tsaya an ja numfashi ba.

Maganar magani a taƙaice. Farasitamol mai miligiram 500, biyu duk awa shida in akwai buƙata, kada ya wuce takwas a kwana ɗaya, a kuma duba maganin mura da ake sha, da yawansu da farasitamol a ciki. A sha ruwa sosai. Mai hawan jini kada ya dakatar da maganinsa, mai suga ya ƙara yawan awo. Kulorokwin an gwada shi a manyan bincike bai yi amfani ba, kuma tun Maris ɗin 2020 Jihar Legas ta ba da rahoton waɗanda ya yi wa illa. Wanda ya fi damun mu shi ne deksametazon. Binciken Jami'ar Oxford ta Ingila ya nuna miligiram 6 a rana har zuwa kwana goma yana rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, da ɗaya cikin biyar ga waɗanda aka sa wa oksijin. Ga wanda bai kai buƙatar oksijin ba bai amfana komai ba, yana ma iya cutarwa, domin yana danne garkuwar jiki yana kuma harba suga sama. Jin labarinsa a rediyo ya sa wasu ke sayensa a kemis tun ranar farko. Maganin asibiti ne.

Yanzu ga lissafin komawa aiki, inda aka fi samun rigima. Ƙa'idar da NCDC ta fitar a Yunin 2020 ta ce: mai alamu ya cika kwana 10 daga ranar da alamar farko ta fito, a ƙara aƙalla kwana 3 babu zazzaɓi babu matsalar numfashi, kuma ba farasitamol ne ya danne zazzaɓin ba. Wanda ya yi ciwon kwana biyu ya warke, kwana 13 ke nan. Wanda alamunsa suka kai kwana 14, sai ya cika 17. Wanda aka gwada aka samu cutar amma bai taɓa jin komai ba, kwana 14 daga ranar gwajin. Babu buƙatar sake gwaji. PCR na iya ci gaba da ganin ɓurɓushin matacciyar ƙwaya makonni, wani har wata uku, alhali mutum ya daina yaɗawa tuni. Shugaban sashen da ya dage sai an kawo masa sakamakon babu, zai ajiye lafiyayyen ma'aikaci a gida wata biyu, ya kuma cinye kayan gwajin da wani mara lafiya ke jira. Rashin jin ƙanshi na iya daɗewa, ba ya hana komawa. Kasala ma haka, a sassauta wa mutum aiki makon farko. Tarin da ya wuce mako biyu kuwa, a duba tarin fuka.

Wanda ya cuɗanyi mai cutar lissafinsa daban ne, kuma abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne yakan fi na mara lafiyar tsawo a aikace. Cutar na iya ɓuya a jiki daga kwana 2 zuwa 14, galibi 5 ko 6 a nau'in farko na cutar, don haka a ƙa'idar Janairun 2021 zamansa kwana 14 ne daga ranar haɗuwa ta ƙarshe, ko da gwajin rana ta bakwai ya ce babu. Cuɗanya kuma tana da ma'auni: fuska da fuska cikin mita ɗaya fiye da minti 15, ko taɓa jiki, ko jinya ba kariya, tun daga kwana biyu kafin alamun wancan su fito. A jami'a wannan na nufin abokin ofis, waɗanda suka shigo mota ɗaya, waɗanda suka zauna teburi ɗaya suna makin jarrabawa ko cin abinci, da ɗaliban layin gaba. Wanda aka yi kiciɓis da shi a baranda ba ya ciki, haka wanda ya cuɗanyi mai cuɗanyar. Ba a rufe tsangaya guda saboda mutum ɗaya. Amma in mutum biyu ko uku a sashe ɗaya suka kamu cikin mako biyu, a kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma ko na jiha.

Ofishin da mara lafiya ya zauna ba ya buƙatar motar feshi. A buɗe tagogi ya sha iska, a wanke teburi da hannun ƙofa da makunnin wuta da omo, sannan a goge da ruwan bilic. In kwalbar ta ce kashi 3.5 cikin ɗari, kamar yadda aka saba gani a Jik da Hypo, awo ɗaya ne a awo 34 na ruwa, wato cokalin cin abinci biyu a lita ɗaya, ko mililita 600 a jarka mai lita 20. Inda aka yi amai ko jini ya zuba, ɗaya a shida. A bar shi minti ɗaya a jiƙe, a haɗa sabo kullum domin zafi da rana na kashe ƙarfinsa, kada kuma a gauraya shi da ruwan wanke masai, hayaƙinsa guba ne. Fesa wa mutane magani a bakin ƙofa ba ya hana komai, sai ƙona ido da tayar da asma.

Ma'aunin zafi na bakin get ma kada a ɗora masa abin da ba zai iya ba. Dokar da Shugaban Ƙasa na lokacin, Buhari, ya sa wa hannu ranar 26 ga Janairun 2021 ta ce a hana mai zafin da ya wuce digiri 38 shiga. Sai dai goshin da ya sha iskar hunturu a kan babur zai nuna 33 ko 34, maigadi ya ɗaga hannu a wuce, kuma masu cutar da yawa ba su da zazzaɓi sam. Kuɗin da za a ƙara a can ya fi amfani a gyaran tagogin da suka ƙi buɗuwa, domin a rufaffen ɗaki cutar ta fi yaɗuwa. Na'urar sanyaya ɗaki ta bango iskar ɗakin take juyawa, ba ta kawo sabuwa. A bar taga da ƙofa a buɗe ko da ƙura za ta shigo, a ba malami makirfo don kada ya sauke takunkumi ya ɗaga murya, dattawa da masu cututtuka su sa takunkumin asibiti maimakon na yadi. Gilashin fuska shi kaɗai ba takunkumi ba ne.

Duk wannan ba zai yi aiki ba in faɗin gaskiya zai jawo wa ma'aikaci asara. Farfesa in ya zauna mako biyu albashinsa na nan. Masu shara da gadi da yankan ciyawa, waɗanda da yawansu a ƙarƙashin 'yan kwangila suke, ranar da ba su zo ba an yanke. Mai irin wannan hali zai haɗiyi farasitamol ya zo, kuma shi ne ke shiga kowane ofis da safe. Takarda ta ce kwanakin killacewa da na jiran sakamako ba sa cikin hutun shekara, ba a yanke ko kwabo, a kuma rubuta wa 'yan kwangila haka a matsayin sharaɗi, jami'a ta riƙe kuɗinsu in suka saɓa. Sannan sirri: sakamako tsakanin mai shi ne da daraktan asibiti. Shugaban sashe abin da yake buƙata shi ne ranar tafiya da ranar dawowa. Waɗanda suka yi cuɗanya nas ce za ta kira su ɗaya bayan ɗaya, ba a zauren WhatsApp na sashe za su ji ba, domin da zarar an yi tereren sunan mutum ɗaya, na gaba ba zai kira ba. Takardar komawa aiki kuma layi biyu ta isa: wane ya cika kwanakinsa, zai koma ran kaza, sa hannun likitan jami'a. Ba sai an rubuta sunan ciwon ba.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jaridar nan albarka.

Daga wasu ma'aikatan lafiya na jami'a,
Janairu, 2021.